Tukunya ɗaya muke ci da ƙanwata, ni ina ƙiba ita tana ramewa: ina matsalar take?

Tambaya: Shekaruna 38, tsawona santimita 172, nauyina kilo 92, aikina zaman shago ne. Wata biyu ke nan ina gudun kilomita 3 sau uku a mako, amma sikeli bai motsa ba. Ƙanwata kuma shekarunta 24, tsawonta santimita 163, nauyinta kilo 46. Tukunya ɗaya muke ci, amma ita ƙiba take nema ido rufe, har ƙawayenta sun ba ta shawarar shan maganin ƙiba. Me ke sa wani ya yi ƙiba wani ya rame, kuma me ya kamata kowannenmu ya yi?

Amsa: Malam, bari mu fara da gudun, tunda shi ne ya fi ci maka rai. Mai gudu yana ƙona kimanin kalori 1 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Kai mai kilo 92, gudun kilomita 3 zai ci maka kalori 270 zuwa 280. Sau uku a mako ya kama 830, mako takwas kuma wajen 6,600. Shi kuwa kilo ɗaya na kitsen jiki kalori kusan 7,700 ne ke ƙunshe a cikinsa. Ka ga ke nan, ko da ba ka ƙara loma ɗaya a kan abin da ka saba ci ba, duk gumin wata biyun nan bai kai ya narkar da cikakken kilo ɗaya ba. Kuma da wuya a ce ba ka ƙara ba, domin gudu yana buɗe ciki. Wanda ya dawo daga gudu ya tsaya wajen mai shayi ya sha kauri da burodi da wainar ƙwai, ko ya ɗaga lemon kwalba mai santilita 50, wanda shi kaɗai ya haura kalori 200, ya mayar da abin da ya fitar tun kafin ya yi wanka. Gudun bai tafi a banza ba, zuciyarka da huhunka sun amfana, hawan jini da suga ma yana taimaka musu. Sai dai ka ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa.

Nauyi yana bin bambancin da ke tsakanin kalorin da ke shiga ta baki da wanda jiki ke kashewa, idan an tara na makonni. Abin da jiki ke kashewa kuwa kashi huɗu ne. Mafi girma, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, shi ne wanda yake ƙonawa ko kana kwance: bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda. Kimanin kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abincin kansa. Saura kuma motsi ne, kuma a cikin motsin nan, atisayen da aka ware wa lokaci shi ne ƙarami ga yawancin mutane. Babban shi ne kai-komo na yini: tafiya masallaci da kasuwa, shara, wanki, ɗiban ruwa, hawa bene, tsayuwa. A nan ne ake samun tazarar ɗaruruwan kalori tsakanin mutum biyu da ke gida ɗaya. Kai kana zaune a shago daga safe zuwa dare, wataƙila a babur ko mota kake zuwa, yaro ake aika ya sayo komai. Ita kuwa mai yiwuwa ba ta zauna ba tun asuba.

Akwai lissafin da masu horarwa da masana abinci ke amfani da shi, na Mifflin da St Jeor, wanda aka fitar a 1990. Ka ninka nauyi sau 10, ka ninka tsawo a santimita sau 6.25, ka haɗa su, ka cire shekaru sau 5. Namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Naka: 920 da 1,075, a cire 190, a ƙara 5, ya ba da 1,810. Mai zaman shago da ɗan atisaye sai a ninka masa da 1.4, wato kana kashe wajen kalori 2,500 a rana. Na ƙanwarka ya fito kusan 1,200, idan aka ninka da 1.5 ya zama 1,800. Ƙiyasi ne, yana iya kaucewa da kashi 10 sama ko ƙasa, amma ya isa a fara aiki da shi. Tunda nauyinka ya tsaya cak, to abin da kake ci yana kusa da 2,500 ɗin nan. Tunda nata ba ya hawa, ba ta wuce 1,800. Tukunya ɗaya ce, amma abin da ke shiga cikin kowa daban ne, kuma bambancin yakan ɓuya ne a abin da ake ci a waje: shayin safe, ƙosai da masa na hantsi, lemon da baƙo ya sa aka sayo, gyaɗar da ake ɓarewa ana hira, tsiren dare. Gado ma yana da hannu, amma mafi yawan tasirinsa ta hanyar yunwa da ƙoshi yake bi: wani malmala ɗaya ta ishe shi, wani sai ya ga ƙasan kwano. Kada kuma ka ɗora wa shekaru laifi. Babban binciken da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya nuna cewa, idan aka yi la'akari da girman jiki, ƙonawar ba ta raguwa sosai tsakanin shekara 20 da 60. Abin da ke sauyawa bayan aure da kama sana'a shi ne yawan zama da yawan ci.

Shi kansa sikelin sai an iya karanta shi. Yana auna ƙashi da tsoka da kitse da ruwa da abincin da ke cikin hanji, duka a dunƙule. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kimanin giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Shi ya sa wanda ya daina tuwo da shinkafa kwatsam yake sauke kilo 2 a mako ɗaya ya yi ta murna, alhali yawancinsa ruwa ne, ranar da ya ci shinkafar biki zai dawo. Gishiri da dunƙulen magi suna sa jiki riƙe ruwa, haka tsokar da ta sha sabon atisaye, haka mata kafin al'ada. Hawa da sauka na kilo 1 zuwa 2 a cikin kwana ɗaya ba komai ba ne. Ka hau sikeli ɗaya, da safe bayan ka zaga bayi, kafin ka ci ko ka sha, sau uku ko huɗu a mako, ka fitar da matsakaicin makon, shi za ka riƙa kwatantawa da na makon baya. Sannan ka samu tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai cibiya duk mako biyu, ba tare da ka shanye ciki ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada ƙugu ya kai rabin tsawo. Naka ya kamata ya zauna ƙasa da santimita 86. Wannan awon ya fi sikeli faɗin gaskiya game da lafiya, domin kitsen tumbi, wanda ke kewaye hanji da hanta, shi ne ke tafiya da ciwon suga da hawan jini. A ma'aunin BMI, wato nauyi a raba da tsawo a mita sau kansa, kai kana 31, ka shiga ajin ƙiba da ke farawa daga 30. Ita tana 17.3, ƙasa da 18.5 da ake so.

To me za ka yi? Ka rage kalori 500 a rana, ka dawo wajen 2,000. Wannan zai ba ka kusan rabin kilo a mako, kilo 2 a wata. Na san ka so jin fiye da haka, amma wanda ya yanke ci zuwa 1,000 a rana yana zubar da tsoka tare da kitse, yunwa ta hana shi barci, kasala ta hana shi motsi, bayan mako uku ya fashe da ci. Kada saurin ya wuce kashi 1 cikin ɗari na nauyinka a mako.

Kuma 500 ɗin nan, ba sai ka taɓa tuwo ba za ka same ta. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma ba ya cika ciki ko kaɗan. Ka dubi yadda ake malala mai a kan garau-garau da ɗanwake, ko man da ke iyo a saman miyar dage-dage: cokali uku ko huɗu a faranti ɗaya ba abin mamaki ba ne, kalori 400 ke nan da ba wanda ya lissafa. A riƙa auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga bakin galan. Sai abin sha. Lemon kwalba na santilita 50 yana ɗauke da suga kimanin giram 50, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum na yini guda cur. Lemon malt da ake ɗauka a matsayin mai gina jiki ya ma fi shi kalori idan aka zuba su a kofi ɗaya. Zoɓo da kunun aya da fura ba su da laifi, sugan da ake ɗura musu ne matsalar: kowane ƙaramin cokali kalori 16, kuma mai sayarwa ba ya tsayawa a biyar. Idan ka bar lemo, ka rage sugan shayi zuwa cokali ɗaya, ka cire cokali biyu na mai daga abincin yini, ka riga ka samu 500 ɗinka.

Bayan haka sai a gyara farantin. Rabinsa ganye da kayan lambu: kwaɗon zogale, alayyahu, kabeji, latas, kokwamba, miyar kuɓewa ko kuka marar mai da yawa. Kwata ɗaya tuwo ko shinkafa ko doya, gwargwadon dunƙulen hannunka, idan ka saba malmala biyu ka koma ɗaya. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. Kwatan ƙarshe furotin, kuma a nan yawancin abincinmu yake da rauni. Ka nemi giram 100 zuwa 125 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, dafaffen nama marar kitse ko kifi mai girman tafin hannu kusan 25, kofin dafaffen wake wajen 13, kofin nono wajen 8. Awara ma tana da shi, amma wadda aka tsoma a ruwan ƙwai aka sake soyawa ta sha mai sau biyu, gara a saka ta a miya. Furotin yana da amfani uku ga mai rage ƙiba: ya fi komai ƙosarwa, jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 na kalorinsa wajen narkar da shi, kuma shi ke kare tsoka. Ka yi hattara da kayan leda, biskit da cincin da indomi da makamantansu. A wani gwaji da Kevin Hall ya jagoranta a Amurka a 2019, mutum 20 da aka ba irin wannan abincin na kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana ba tare da sun lura ba, idan aka kwatanta da lokacin da aka ba su abincin da ba a sarrafa ba.

Yanzu aikin atisaye. Abinci ne ke yanke yawan kilon da za ka sauke, atisaye kuma shi ke yanke ko kitse za ka sauke ko tsoka. Don haka ɗaga nauyi nake fara ba mai irin jikinka, kafin gudu. Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, motsi biyar: tsugunno da miƙewa, firesof, idan ya yi wuya ka dafa benci ko bango, jan nauyi zuwa ciki kana sunkuye da baya a miƙe, ɗaga nauyi daga ƙasa da ƙarfin ƙugu da cinya, sai ɗaukar kaya a hannu biyu ka yi tafiyar taku 30 zuwa 40. Ba sai ka je gidan motsa jiki ba, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka biyu masu lita 10 sun ishe ka farawa. Kowane motsi zagaye 3, kowane zagaye sau 8 zuwa 12, hutun minti ɗaya da rabi. Nauyin da ya dace shi ne wanda biyun ƙarshe za su yi maka wuya amma jikinka bai karkace ba. Da zarar ka yi 12 a duk zagayen cikin sauƙi, ka ƙara kilo 1 ko 2. Wanda ya shekara yana ɗaga nauyi ɗaya, jikinsa ba shi da dalilin sauyawa.

Gudu a kan kwalta da kilo 92 kuwa yana iya wahalar da gwiwa da agara. Ka mayar da shi tafiya mai sauri, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera karatu ba, minti 30 zuwa 45, kwana biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 take ba da shawara a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ya fi, musamman a bazara. A shago ma ka riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, ka je saƙon da kanka. Kafin ka fara, ka je a gwada maka jini da suga. Idan ka ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ka tsaya ka ga likita.

Sitof ɗari, wato kwanciya rigingine ana tasowa zaune, ba ya cire tumbi, yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin teɓar ne kawai, jiki kuma shi ke zaɓar inda zai fara ɗebe kitse. Ɗaura leda ko bel a ciki da saka rigar sanyi a rana gumi kawai suke fitarwa, kana shan ruwa ya dawo. Kitse idan ya ƙone, kashi 84 cikin ɗari ta numfashi yake fita, saura ya zama ruwa. Shayin rage ƙiba yawancinsa maganin gudawa ne ko na sa fitsari, ruwan ɗumi da lemon tsami kuma ba ya narkar da komai. Barci kuwa yana da tasiri na gaske: wanda ba ya samun awa 7 yunwarsa takan ƙaru, kuma zaƙi da soye-soye yake nema.

Bayan ka sauke kilo 6 zuwa 8 za ka ga abin ya tsaya. Dalili shi ne ƙaramin jiki ƙaramin ci yake buƙata: duk kilo 10 da ya tafi yana rage abin da kake kashewa da kalori 140 ko fiye, ga kuma hannu da ke komawa tsohon awo a hankali. Idan matsakaicin mako bai motsa ba har mako uku, kuma ƙugu bai ragu ba, ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana bakwai, sannan ka rage 150 ko ka ƙara tafiyar minti 20. Da azumi ma haka lissafin yake: mutane kan sauke ɗan kilo su mayar bayan sallah, wasu ma ƙaruwa suke, saboda soyayyen dankali da ƙosai da kunu mai suga na buɗa-baki.

Ita kuma ƙanwarka, kafin maganar abinci, a tambaye ta: haka jikinta yake tun da, ko ramewa take yi? Idan ta zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinta cikin wata 6 zuwa 12 ba da niyya ba, ko akwai tari mai daɗewa, zufar dare, yawan fitsari da ƙishirwa, faɗuwar gaba da rawar hannu, gudawa, ɗaukewar al'ada ko damuwar da ta hana ta ci, to asibiti za ta fara zuwa. Tarin fuka, ciwon suga, cutar maƙogwaro ta tayirod, tsutsar ciki, gyambon ciki da ƙanjamau duk suna ramar da mutum, kuma duk ana gano su da gwaji.

Maganin ƙibar nan da ake ce wa sha-ka-fashe, ka hana ta. Yawanci ɗayan biyu ne, ko a haɗa su. Na farko dexamethasone ko ɗan'uwansa prednisolone, magungunan kumburi da asma masu ƙarfi. Suna tara ruwa, su tura kitse zuwa fuska da wuya da ciki, su kuma cinye tsokar hannu da cinya, sai ka ga kumatu sun cika ƙafafu sun tsotse. Suna jawo ciwon suga, hawan jini, nankarwa, raunin ƙashi da raunin garkuwar jiki. Mafi haɗari, wadda ta daɗe tana sha idan ta daina kwatsam tana iya faɗuwa rai a hannun Allah, domin jikinta ya daina samar da nasa sinadarin. Idan ta riga ta fara, likita ne zai janye mata shi a hankali. Na biyu cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da ke buɗe ciki, wanda ke cikin ruwan maganin Apetamin. Yana sa barci da jiri, yana iya taɓa hanta, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023.

Abin da take buƙata ƙarin kalori 300 zuwa 500 ne a rana, wato ta kai 2,100 zuwa 2,300, ta riƙa hawa kwatan kilo zuwa rabin kilo a mako. Kilo 3 da ɗoriya zai kai ta 18.5, kilo 52 zuwa 55 kuma zai zauna mata daidai. Masu irin jikinta ba sa iya cin babban faranti, don haka ta ci sau biyar ko shida ƙanana, kada ta sha ruwa da yawa dab da ci, kuma ta nemi abin da ke da ƙarfi a ɗan ƙaramin awo. Gyaɗa da madara, ita nata ne. Cikin tafin hannu na gyaɗa kalori 170, kofin madara mai maiƙo 150, dabino biyar wajen 100, ga kunun gyaɗa da madara, fura da nono, ayaba, ƙwai biyu da safe, ƙuli-ƙuli a kwaɗo. Lemo da biskit za su ƙara mata kilo, amma teɓa ce za ta taru a ciki. Furotin ta nemi giram 70 zuwa 75.

Ita ma ta ɗaga nauyi, motsi biyar ɗin nan, kwana biyu ko uku a mako, ta fara da jarkar lita 5, ta fi ba tsugunno da ɗagawa daga ƙasa ƙarfi tunda cikar cinya da ƙugu daga tsoka take fitowa. Kada ta ji tsoron zama kamar ɗan dambe, mace mai farawa da wuya ta gina fiye da rabin kilo na tsoka a wata. Doguwar tafiya da gudu ba nata ba ne yanzu. Ta auna kanta da safe kamar yadda na faɗa maka. Idan mako uku ya wuce matsakaicin bai hau ba, ta ƙara kofin kunun gyaɗa ɗaya kafin barci. Idan wata biyu ya cika tana ci yadda ya kamata kuma ba sauyi, a koma wa likita ko da gwajin farko bai nuna komai ba.